Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lambar Baba Saje

Makon jiya na tsaya a kan auren Yaya Babba, amma ku yi haƙuri, maganar Baba Saje ce ta tsaya mini a rai. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, kuma duk wanda ya zauna da shi ya ji yana cewa, "Soja ba ya mutuwa sai ranar da lambarsa ta ɓata."

Yaƙin Burma ya yi. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, suka shiga kwarin Kaladan suka gwabza da Japanawa a 1944. Daga sama ake jefo musu guzuri da laima, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka. Masu wucewa ta barikin Chindit a Zariya, ko Dalet a Kaduna, ko Arakan da Myohaung a Legas, kaɗan ne suka san daga wancan yaƙi aka samo sunayen.

Lambar yabonsa, Tauraron Burma, mai tsini shida ne, ƙyallen ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. Idan ka juya bayansa ba suna, domin Turawan Ingila ba su zana sunan kowa a lambobin yabon wannan yaƙi ba. Shaidar duk tana cikin littafin sallama: suna, lambar soja, bataliya, ranar shiga da ranar fita. Wannan littafi ne gara ta cinye a ƙasan akwati, da ya rasu 'ya'yan Kawu kuma suka sayar wa 'yan gwangwan akwatin da tauraron a ciki, ko sadakar arba'in ba a yi ba. Sun san da su nake. Da Inna, matar Baba Saje, ta je neman haƙƙin mijinta, abin da aka fara tambayarta lambarsa ta soja. Ta dawo hannu rabbana.

Shi ya sa nake gaya wa duk mai maƙwabci ɗan mazan jiya ya zauna da shi tun yana da ƙarfi. Ka rubuta sunan da ya shiga soja da shi, don da yawa sunan garinsu aka rubuta musu a gurbin na uba, iyali su yi ta nema da sunan da babu shi a fayil. Ka rubuta lambarsa, da igiyar da ya fita da ita, da bataliya, da wanda ya sa a matsayin magaji. Wani sunan uwargidansa ya rubuta tun yana saurayin aure, ta rasu bai canja ba, a nan rigima take tashi. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka yi kwafi biyu ka ajiye a gidaje daban. Na ainihin a sa shi a leda cikin gwangwani mai murfi, nesa da ƙasa, kuma kada a liƙe shi da injin zafi, tsohuwar takarda ba ta jurewa. Lambar yabo ba a dirza ta da toka ko yashi, tsumma mai laushi ya isa, kada ruwa ya taɓa ƙyallen.

A zamanin Baba Saje ranar 11 ga Nuwamba ake faretin tunawa, daga baya aka mayar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ba na raina furannin da manya ke ajiyewa, ko bajen da ake maƙalawa a ƙirji. Amma fure bai dawo wa Inna da lamba ba, kuma Baba Saje ya sha faɗin maganar lambar nan, su 'ya'yan Kawu suna zaune.

Baba Kofur na bayan layi ya yi yaƙin basasa tun daga 1967, har yau da ƙarfen harsashi a cinyarsa. Na ce, "Baba, a ba ni lamba in rubuta." Ya miƙe tsaye ya faɗe ta tiryan-tiryan, sannan ya aika jikarsa ta ɗauko katinsa na ƙungiyar 'yan mazan jiya. Saura abokina da ya je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, wanda har yanzu ba ya son a ta da zancen. Nasa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.