Mai neman abinci a Delhi

Duk wanda jinya ko karatu ya kai Delhi ta ƙasar Indiya, in nama kake so, hau Metro, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa tashar Jama Masjid, ka shiga layin Matia Mahal. A nan gidan abinci na Karim's yake, tun 1913 suke wannan sana'a. Nihari kuwa, wato wani irin farfesun nama, sai da sassafe, kafin hantsi tukunya ta ƙare. A wasu unguwanni ka tambaya ko halal ne, domin akwai yankan jhatka, sara ɗaya ake wa dabba. Koren ɗigo a allo na nufin babu nama. Ƙanƙara da ruwan pani puri (soyayyen ƙwallon fulawa da ake cikawa da ruwan yaji) na bakin titi su ke kawo gudawa, ka tsaya ga ruwan gora mai murfi a liƙe. Yaji kam, ko an rage sai ka yi gumi.