Ni dai a bar ni da faten dankali

Ranar Asabar ɗin nan ƙanin maigidana ya dawo daga Jos ya dire mana rabin buhun dankalin turawa a ƙofar kicin, wai tsaraba. Naji daɗi kam, amma fa tun daga ranar ake rigima a gidan nan, yara sun dage sai dai a soya da ƙwai safe da yamma, Abbansu shi nashi a saka mishi cikin miya yaci da shinkafa, ni kuma da nake shan wahalar firar ba wanda ya tambaye ni me nake so. Toh ni fate nake so, kuma tunda ludayin a hannuna yake sai da akayi shi.

Mu nan Bauchi Allah ya mana gata da dankali gaskiya. Jos gata nan kusa, tafiyar da bata wuce awa 2 ba in hanya da kyau, ka bi ta Nabordo ka wuce Magama Gumau da Tilden Fulani sai gaka ka shiga. Kusan duk wanda zaki gani a kasuwar Muda Lawal ko Wunti daga can Filato ake sauko da shi, wajajen Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, saboda shi abu ne mai son sanyi kuma ƙasar tasu a sama take, tudun ya kai mita 1,200. Zafin garin nan bazai bar shi yayi ƙwaya mai kyau ba. Shi yasa da an fara cire na damina wajen watan 7 zuwa na 8 zaki ga yayi araha ana ta kasa shi a bakin titi, in ya ja baya kuma sai ki riƙa zagaye mai tebur kamar zaki sayi gwal.

Wani abin dariya da na taɓa karantawa, ashe shi kanshi ba na Turawan bane, asalinsa daga duwatsun ƙasar Peru ne can Kudancin Amurka, su dai kawo mana shi sukayi sunan ya bi su. Har dankalin Hausa ma da muke tutiya da shi daga can yankin Amurkan ya fito. Da na faɗa wa surukata wannan cewa tayi, "Ke 'yar nan rabu da boko, tun kakata muke cin abinmu." Nace haka ne Inna, na ja bakina nayi shiru.

Bari in zo kan faten. Ni bana fara shi da ruwa kamar yadda wasu keyi, manja nake fara zubawa a tukunya in soya albasa har sai ƙamshinta ya fito, sannan jajjagen attaruhu da tattasai da ɗan tumatir kaɗan, kaɗan fa, in yayi yawa tsami yake kawowa. Daga nan daddawa. Duk wadda tace min tayi faten dankali babu daddawa wallahi tausayinta nake ji. Sai busasshen kifi da na riga na jiƙa a ruwan zafi na cire ƙayar, in kuma wata yayi nisa ko kifin babu to ƙashi ma ya wadatar. Sai in tsaida ruwa daidai wanda zai ɗan rufe dankalin, kar ki cika, shi ba wake bane, cikin minti 20 ya gama nuna. Yankan kuma da gangan nake yinshi ba daidai ba, wasu manya wasu ƙanana, ƙananan su narke su ɗaure romon manyan kuma su tsaya a samu abin taunawa. Alayyahu da lawashi sai na kusa saukewa, in rufe in kashe wuta tururin ya ƙarasa su. In ya kwana aka ɗumama da safe har ya fi daɗi, sai dai a gidan nan ba kasafai yake kwana ba, su masu cewa basa so ɗin su ne ke kankare tukunya.

Wani lokacin ina jefa dankalin Hausa guda biyu a ciki, wannan ɗan zaƙin da yaji suna haɗuwa sosai. Abban su Ummi baya so, yace abinci ya tsaya waje ɗaya ko zaƙi ko gishiri. Ina sakawa dai, rabin lokaci baya ganewa.

Suyar kuma ban raina ta ba, kawai dai tana shan mai ne kuma kowa yasan yadda kwalbar man gyaɗa ta koma. Na daɗe ina soya dankali yana fito min laƙwas kamar tsumma kafin na gane inda matsalar take. Bayan kin yanka ki wanke shi a ruwan sanyi har sai wannan farin ruwan ya daina fita, ki tsane shi sosai ki goge da tsumma mai tsabta, mai kuma yayi zafi da gaske kafin ki zuba. Babban laifina da shine cika kasko don in gama da wuri, sai man ya huce dankalin ya koma dahuwa yana tsotse mai. Gara ki raba shi kashi uku. Da azumi kam ba'a magana, kwana 30 ɗin nan in ba'a ga dankali da ƙwai kusa da ƙosai da kunu ba yarana gani suke ba'a sha ruwa ba.

Amma in kina son ganin surukata tayi murmushi to dankalin Hausa zaki dafa mata da ɓawonsa, ki kawo da garin ƙuli mai yaji da ɗan man gyaɗa da yankakkiyar albasa. Ko kuma lokacin sanyi in an gama tuwon dare ta tura guda uku cikin tokar murhu, jikokin su zagaye ta suna jira, a ciro shi baƙi ƙirin a ɓare ana hura yatsu. Nayi ta gwadawa a oven ɗin gas bai taɓa yin wannan ɗanɗanon ba.

Rabin buhun nan kuwa tun ranar na juye shi daga buhun na baza a kan kwali a ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi inda babu rana kuma iska na shiga, don na taɓa barin wani cikin leda kwana 4 warin da ya tashi sai da muka wanke sito da omo. Bana saka shi a firij, sanyi na sa shi zaƙi-zaƙi kuma yayi saurin yin duhu a mai. Wanda haske ya taɓa har fatarsa ta koma kore ko ya fara tsiro, ki yanke wajen da zurfi, in koren yayi yawa ki zubar kawai, ɗaci gare shi kuma yana ɓata ciki, kar kice asara. Jiya na tsince guda shida da suka fara laushi, su za'a fara ci. Ummi har ta ɗauko wuƙa wai zata taya ni fira in dai suya za'ayi, nace mata ta fara feraye tukunna ma ga abinda za'a dafa.