Landan zuwa Birmingham: Bin Sawun Wanda Ya Ƙera Wata Tsohuwar Bindigar Farauta

Jirgin ƙasan safe daga tashar Euston ta Landan yakan kai Birmingham New Street cikin kusan awa ɗaya da rabi. Ban ɗauki bindigar ba. A Birtaniya ba a yawo da irinta sai da takardar izini, ita kuwa tun rasuwar mai ita aka kai ta ajiya wurin wani dillali mai lasisi a Birmingham. Abin da ke jakata shi ne hotunanta, da alli, da ƙaramin madubin ƙara girma, da wasiƙar magadan mai bindigar, masu neman a gano musu wanda ya ƙera ta. Sun ga an rubuta .275 a jikinta, sun kuma ji labarin maharbi Jim Corbett da bindigarsa ta .275 ƙirar Rigby, sanannen gidan ƙera bindigogi na Landan, wadda ya bi damisoshin Indiya da ita, sai suka ƙudurce a rai cewa tasu ma ta gidan Rigby ce.

Daga New Street na taka da ƙafa zuwa unguwar Digbeth, tafiyar kamar minti goma sha biyar. Ana wuce tsohon ginin tashar Curzon Street na 1838, wanda yanzu aikin sabon layin dogo ya yi wa ƙawanya, sannan a sauka titin Banbury. Can ƙarshensa, a gefen hanyar ruwa, ga Gidan Gwajin Bindigogi na Birmingham, ginin jan bulo da aka kafa da dokar majalisa a 1813. Ba a faɗa masa kai tsaye, sai an yi alkawari tukuna. Takwaransa na Landan ya girme shi, don ƙungiyar maƙeran da ke riƙe da shi ta sami takardar sarauta tun 1637. Aikinsu ɗaya: a ɗura wa bindiga harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, a harba, in ta jure a buga mata hatimi. A ƙa'idar yau ƙarin ƙarfin yakan kai kashi 25 cikin ɗari. Sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi, ko wadda aka sake wa mazaunin harsashi bayan gwaji, laifi ne a dokar ƙasar.

Dalilin fara tsayawa nan shi ne in sake zama da jadawalin hatimai kafin in taɓa bindigar. Kambi bisa BV, da kambi bisa BP, da kambi bisa NP, na Birmingham ne daga 1904 zuwa 1954; bayan nan aka koma kambi bisa BNP. Na Landan kuwa kambi ne bisa GP, da kambi bisa V, da hannu riƙe da takobi a kan NP. Tun 1921 Birmingham ta ƙara wata 'yar alama, sanduna biyu a gicciye da harafi a tsakani, harafin yana nuna shekarar gwaji. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa.

Shagon dillalin yana Unguwar Bindiga, arewa da tsakiyar gari, kusa da babban cocin St Chad. Titin zobe da aka gina a shekarun 1960 ya cinye yawancin unguwar, saura 'yan layuka kamar titin Price. A zamaninta ba mutum ɗaya ke ƙera bindiga ba. Mai bututu daban, mai gyara gidan sakata (ƙarfen da sakatar tura harsashi ke zama a ciki) daban, masassaƙin ƙota daban, mai zanen ƙarfe daban, mai baƙanta ƙarfe daban, yara na kai da kawo da sassa tsakanin shaguna. In an gama, sai a zana sunan wanda ya ba da aikin, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne da bai taɓa riƙe zarto ba. Kantin Army & Navy na Landan misali ne: dubban bindigogi na ɗauke da sunansa alhali wasu ke ƙera masa, littattafan cinikinsa kuma suna ajiye a Jami'ar Glasgow, inda mai lambar bindiga zai iya neman a duba masa.

Dattijon da ke gyara a bayan shagon ya ɗora ta a kan benci, ya zare sakata, ya leƙa ciki ya tabbatar babu harsashi. Ƙirar Mauser 98 ce ta Jamus, ba ko tantama. Saitin baya mai ganye uku, yadi 100 da 200 da 300, bakin ƙota da baƙin ƙaho. Daga nesa lallai ta yi kama da ta Rigby, amma kama da wane ba ta wane. Bindigar Rigby ta wancan zamani tana ɗauke da sunan gidan da adireshinsa a saman bututu, kamar 43 Sackville Street, da kuma lambar gidan wadda ake iya nema a littafinsu. Wannan kuwa sunan wani ɗan kasuwa ne na wani ƙaramin gari, zanen ma ya soma shafewa. Shi .275 ba sunan maƙeri ba ne, girman harsashi ne, wanda Jamusawa ke kira 7x57 (faɗi milimita 7, tsawon kwanso milimita 57), kuma gidaje da dama sun ƙera bindiga a kansa.

Sai a raba ƙarfe da katako, don ainihin labarin yana ƙasa inda ba a gani. Kusoshi biyu ne ke riƙe da Mauser, ɗaya gaba da ma'ajiyar harsashi, ɗaya bayan kunama. Tsagar kawunansu siririya ce, sukudireban gida ba ya zama daidai. In ya zame ya ɓata kan kusa, an rage darajar bindiga kafin a san ko ta wace ce. Dattijon yana da nasa da ya wasa daidai da kowace tsaga. Ya sassauta ta baya, sannan ta gaba, ya ɗago ƙarfen a miƙe ba tare da karkatawa ba, don tsohon katako da ya sha mai yakan ɓalle a gefe.

Na goga alli a ƙasan bututu, na share da yatsa, hatiman suka fito fari tas. BV, BP, NP, kowanne da kambinsa. Ga sandunan gicciye, harafinsu ya faɗa ƙarshen shekarun 1920 a jadawali. Gaba kaɗan ga haruffa biyu da aka buga da ƙaramin ƙarfe, alamar mai bututu. A cikin kwarin ƙota, inda bututu ke kwanciya, ga wasu haruffan da fensir da kuma lambobi uku na ƙarshe na lambar bindiga, wato ƙotar tata ce tun asali, ba aro ba.

Gidan sakata ne ya fasa ƙwan. Kamfanin Mauser na garin Oberndorf a Jamus ya sayar wa maƙeran Ingila sababbin gidajen sakata na farauta, Rigby ma ya taɓa zama wakilinsa a Birtaniya. Irin waɗannan ana gane su da sunan kamfanin a jikin bango, Waffenfabrik Mauser kafin 1922, Mauser-Werke bayan nan, da kambi bisa B da kambi bisa U na gwajin Jamus, da lamba wadda babu harafi a wutsiyarta, da kan mariƙin sakata mai ɗan tsawo kamar ɗigon ruwa. Na wannan bindiga ba haka yake ba. Lambarsa huɗu ce da ƙaramin harafi a ƙarshe, tsarin sojan Jamus. A ƙasa ga ƙananan kambuna bisa haruffan tsohon rubutun Jamus, alamun masu duba kayan soja. Saman zoben gaba kuwa, in ka shafa da yatsa za ka ji ya ɗan lotsa, nan aka goge sunan masana'anta da shekara. Ragowar bindigogin yaƙin 1914 zuwa 1918 ce, waɗanda suka yi arha bayan yaƙi, maƙeran Birmingham suka riƙa saya suna ɗora musu sabon bututu da sabuwar ƙota. Ba ha'inci ba ne, aiki ne mai kyau da aka yi wa mai matsakaicin aljihu, ni ma ina ganin saƙar da aka yi wa mariƙin ƙotar nan, layi 22 a kowane inci, ba ta jin kunyar ta kowane babban gida.

Rubutun girman harsashi ma ba a yarda da shi sai an auna. Akwai .275 na Holland & Holland, mai ɗamara a gindin kwanso, wanda ya fi tsawo, ba ya kuma shiga mazaunin 7x57; akwai kuma bindigogin da aka faɗaɗa wa mazauni ba a sake rubutu ba. Dattijon ya toshe bututu da ƙyalle kamar rabin inci gaba da mazaunin harsashi, ya narka Cerrosafe, wani ƙarfe da ke narkewa ƙasa da zafin tafasar ruwa, ya zuba. Kuskuren da ake yi shi ne a cika har ya malala cikin ramukan da haƙoran sakata ke shiga; in ya daskare a nan, ba ya fita sai an sake narka shi. Ana turo shi waje da sanda da zarar ya yi tauri, amma ba a aunawa sai ya cika awa ɗaya, don a lokacin ne yake komawa daidai girman mazaunin. Tsawon kwanso ya ba da milimita 57, babu gurbin ɗamara. Dalmar da ya tura ta cikin bututu ta fito da faɗin inci .285, daidai da na 7x57. Rubutun gaskiya ya faɗa. 

Awan da muka jira ya tafi a lissafin aibi. An huda ramuka huɗu a saman gidan sakata don ɗaura madubin hangen nesa, an kuma lanƙwasa mariƙin sakata don ya wuce ƙarƙashinsa. Wannan ba ya gyaruwa ba tare da tabo ba. An sake baƙanta ƙarfen: gefunan da ya kamata su yi kaifi sun zama dulu-dulu, bakin ramukan kusoshi ya yi kwari saboda injin gogewa, launin kuma yana sheƙi maimakon baƙi mai laushi na rinin tsatsa irin na dā. Daga kunama zuwa ƙarshen ƙota inci 13 da kwata ne, alhali irinta takan kai 14 ko fiye, wato an yanke wa wani gajere. Bayan wutsiyar ƙarfe akwai tsagar gashi a katako, wadda ke fitowa idan kusar gaba ta yi sako-sako, wutsiyar ta riƙa dukan katako kamar tsinken faskare a kowane harbi. Cikin bututu, inci biyun farko sun yi duhu da ƙaiƙayi, aikin tsohon albarushi mai zafi da tsofaffin hulunan harsashi masu barin gishiri, sauran kuwa tsagarsa a tsaye take. A gefen alheri, lambar sakata ta dace da ta gida, sakatar ta rufe a kan ma'aunin mazaunin harsashi da ya kamata ta rufe, ta kuma ƙi rufewa a kan wanda bai kamata ba.

Farashi ba a ɗaukarsa daga abin da masu shago ke nema, sai daga abin da aka biya a gwanjo kan irinta a 'yan shekarun nan. Sannan a tuna da la'ada: mai saye yana biyan gidan gwanjo ƙarin da yakan haura kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa yake rage tayinsa, mai sayarwa ma ana cire masa nasa. Takardar inshora kuma kuɗin maye gurbi take nunawa, kullum sama da abin da zai shigo hannu. Dillalin ya duba littattafan gwanjonsa, ya rubuta wa magada tsakanin fam 700 zuwa 1,000. Da ta Rigby ce mai lamba a littafin gidan, ba a huda ta ba, da ana maganar ninkin wannan sau da yawa.

Na tambayi dattijon ko a gyara tsagar a goge ƙotar kafin a kai gwanjo. "Tsagar kawai," in ji shi, "a sa mata gam daga ciki, a ɗaure kusar gaba. Katakon kada wanda ya kai masa takardar goga." Muka rubuta bayanin da zai shiga littafin gwanjo: bindigar farauta 7x57, aikin maƙeran Birmingham a kan gidan sakatar Mauser na soja, gwajin Birmingham na ƙarshen shekarun 1920, da sunan ɗan kasuwar da ya sayar, da jerin abin da aka sauya. Na ɗauki hoton haruffan fensirin nan kafin a mayar da ƙarfe cikin katako, na sauko ta Snow Hill zuwa New Street, na kama jirgin ƙarfe biyar.