Dangwalen da na ɗauka izini ne

A Tawa na tashi, kuma tun muna yara mun san akwai wani dattijo a garin, Mustafa Alasan, mai zana kwaɗi su yi motsi su yi magana. Sai da na je Yamai karatu a IFTIC, makarantar koyon aikin jarida da sadarwa, na gane cewa mutumin da muke wucewa ta ƙofar otel ɗinsa yana cikin waɗanda suka kafa sinima a Nijar, shi da su Umaru Ganda, wanda ya ɗauko babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Har ya rasu a 2015 ban taɓa zama na tambaye shi komai ba. Ƙuruciya ce, ina ganin ilimin yana can nesa.

Fim ɗin gaskiya nake yi, wanda muke ce wa dokumanter: ba ɗan wasa, ba labarin da aka tsara, mutane ne da rayuwarsu. Abin da na fara koya a daji shi ne hoto ba ya kashe fim, sauti ke kashe shi. Na taɓa dawowa daga Buza da hirar kwana uku, hotuna tas, amma iskar hunturu ta cinye maganar duka, sai huu kake ji. Tun daga ranar ba na ɗauka sai da abin sauraro a kunne, makirfo kuma sanye da rigarsa mai gashi, wadda yara ke ce wa wutsiyar mage.

Na biyu ya fi wuya. A Adar, yankinmu na Tawa, mutane sun san furoje, wato ayyukan raya ƙasa na masu ba da agaji. Tun 1984 da aka soma babban aikin Kaita da kuɗin Italiya, inda mata suka kwashi duwatsu suka farfaɗo da faƙo ana biyan su da abinci, kowa ya gane farar mota mai tambari ba ta zuwa a banza. To kai ma in ka sauka da kamara, amsar da ake ba furoje ita za a ba ka: babu ruwa, babu hatsi, a taimaka. Ba ƙarya suke yi ba. Amma magana ce ta baƙo. Ta gida ba ta fitowa sai ka kwana, ka sha shayi har na uku, an gaji da kallon ka.

Wannan ɗin na iya shi, har na fara alfahari da shi. Nan ne na yi ɓarna.

A ranin 2017 wata ƙungiya ta ba ni kuɗi in yi fim kan matan da mazansu suka tafi bida. Duk ɗan Adar ya san abin: ana gama girbi motoci su cika, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya ko Aljeriya, gari ya rage tsofaffi da mata da yara. Na zauna kwana goma sha ɗaya a wani ƙauye tsakanin Kaita da Buza. Akwai wata mata, ba za ta wuce shekara talatin ba, ƴaƴanta huɗu, mijinta shekara uku yana Libiya. Kwana takwas ina gaishe ta tana amsawa da ka. Ran na tara, da la'asar, tana sussuka, ta ce in kawo na'urar.

Ta yi magana kusan minti arba'in. Ta ce shekarar farko yana aiko jika goma, wani lokaci goma sha biyar, daga baya shiru. Ta ce ta sayar da akuyarta biyu da kwanonin aurenta. Sai ta dakata, ta dubi turmin, ta ce: "Ni ban san ko matar aure nike ba ko zawara." Ban ce uffan ba, na bar kamara tana tafiya. Shirun da ya biyo baya ya kai daƙiƙa ashirin, ba ka jin komai sai kaji. A raina na ce fim ya samu.

Kafin in tafi na fito da takardar izini. Malamanmu sun ja mana kunne sosai kan izini, ni ne na ɗauka takarda suke nufi. Rubutun Faransanci ne, na fassara mata a gurguje: kin yarda a nuna hotonki da muryarki a ko'ina. Ta ce to, ta dangwala. Mece ce "ko'ina" a wurin wadda iyakar tafiyarta kasuwar Kaita? Ita a zatonta wasu Nasara ne za su kalla a wani ofis mai sanyi, su ji tausayi, su aiko da wani abu. Na san haka take zato. Ban gyara mata ba, don kada ta fasa.

Na yi wata biyu a Yamai ina montaj, wato yanka da haɗa fim. Fim ya fito minti hamsin da biyu, aka nuna a wani zaure, aka yi tafi. Sai aka yanko minti ɗaya da rabi don talla a Facebook, kuma wace magana za a yanko in ba waccan ba? Ni da hannuna na yanka. Ba a yi sati biyu ba ta shiga WhatsApp, ta faɗa rukunin ƴan garinsu da ke Libiya. Mijin ya gani a salular abokinsa, gaban jama'a.

Direban da ya kai ni ne ya kira ya gaya mini. Na hau mota, kilomita ɗari biyar da wani abu daga Yamai zuwa Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Konni, sannan na kama hanyar ƙauyen. Matar ba ta nan, ta koma gidan iyayenta. Uwar mijin na tarar a zaure. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, har ta sa aka kawo mini ruwa. Sannan ta ce:

"Ɗiyana, mi munka yi maka?"

Na ce, "Inna, wallahi ba da nufin sharri na yi ba. So nake duniya ta san halin da mata ke ciki."

Ta ce, "Duniya ta sani. Ita duniyar ce za ta zamna da ita?"

Na yi niyyar in ce ai ta dangwala. Takardar tana aljihuna. Allah ya taimake ni ban fito da ita ba.

Har yau ina jayayya da abokan aiki kan wannan. Wasu suna cewa in ana jin kunya ba za a taɓa tona komai ba, su kawo misalin Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ba tare da aure ba, ta kai ƙarar ƙasar Nijar kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi nasara a Oktoban 2008, aka yanke a biya ta miliyan 10 na sefa. Gaskiya ne, da ta yi shiru da ba a ji ba. Amma ita ta san inda maganarta za ta, kuma ƙungiyar Timidriya mai yaƙi da bauta da lauyoyi suna tsaye a bayanta. Matar da ke fim ɗina ba ta da kowa a bayanta sai ni, ni kuma ina Yamai ina amsa tafi.

Ban daina irin wannan fim ba, kuma ban koma ɗaukar rijiyoyi da dariyar yara don a zauna lafiya ba. Wannan ma wata ƙaryar ce. Abin da ya sauya shi ne tsarin aikin. Yanzu ba na cewa "ko'ina". Ina fito da salula in ce: mijinki zai iya ganin wannan a nan, da kishiyarki, da limamin garinku. Da yawa suna fasawa nan take, kuma na yi asarar hirarraki masu kyau ta haka. Waɗanda suka tsaya kuwa, maganarsu ta fi nauyi, don sun san wa suke gaya wa. Wata ma cewa ta yi, "Shi nike so shi ji."

Sannan ba na miƙa fim ga wanda ya biya sai na koma da shi. Wannan yana cin kuɗin mai da kwanaki, kuma masu ba da kuɗi ba su cika son ganin sa a lissafi ba, sai an yi ta ja. Nakan fara nuna wa mai maganar ita kaɗai a kwamfuta, a ɗakinta, kafin a kafa farin zane a bangon makaranta a tada janareto.

Bara a wani ƙauye kusa da Illela, wata tsohuwa ta kalli kanta minti shida ba ta motsa ba. Da ya ƙare ta ce in maido wurin da ta ambaci bashin da ɗanta ya bari. Na maido. Ta ce, "Hidda wannan. Sauran bar shi." Shi ne wuri mafi ƙarfi a fim ɗin duka. Na ce, "Inna, ko in rufe sunansa kawai?" Ta ce a'a. Na yanke shi a gabanta, ta sa jikarta ta duba ko ya fita da gaske.