Daga Southwark zuwa Charlestown: Bin Sawun Gidan su John Harvard

Na sauka daga jirgin ƙasa a tashar London Bridge da hantsi, na ratsa kasuwar Borough inda ƙamshin gasasshen nama ya cika ko'ina, na shiga babbar majami'ar Southwark da ke kudu da Kogin Tems. A nan aka yi wa John Harvard, wanda Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗauki sunansa, baftisma a watan Nuwamba na 1607, kuma akwai ɗakin ibada guda a ciki da ke ɗauke da sunansa. Mahaifinsa Robert mahauci ne a wannan unguwa, mai rufin asiri, yana kuma da gidan saukar baƙi.

Labarin dukiyar da ta sa jami'ar da ta fi kowace tsufa a Amurka ta ɗauki sunan ɗan mahauci labarin mace-mace ne. Annobar da ta faɗa wa Landan a 1625 ta share gidan, ba ta bar kowa ba sai John da ɗan'uwansa Thomas da mahaifiyarsu Katherine. Ita kuwa ta sake aure har sau biyu, mazan duka suka riga ta mutuwa suka bar mata dukiya, ta yadda lokacin da ta rasu a 1635 gadon mazaje uku ya riga ya taru a hannunta, ciki har da masaukin Queen's Head, wanda yanzu sunansa kawai ya rage a wani lungu da ke kan titin Borough. Thomas ya bi ta a 1637, komai ya dawo hannun John.

Saboda Katherine na hau jirgi zuwa Stratford-upon-Avon, garin haihuwarta. Gidan da mahaifinta Thomas Rogers ya gina yana nan tsaye a babban titin garin, siriri ne mai hawa uku, fuskarsa cike da sassaƙar katako, an kuma zana shekarar 1596 a jikinsa tare da haruffan farko na sunan mai gidan da na matarsa. Ana kiransa Gidan Harvard, ko da yake a ganina sunan Rogers ya fi cancanta da shi.

Zangon ƙarshe ya kai ni Boston. John ya yi karatu a Kwalejin Emmanuel ta Kembirij, ya auri Ann Sadler a 1636, suka ƙetare teku a 1637 suka zauna a Charlestown, wanda yanzu unguwa ce a Boston, inda ya yi wa'azi a majami'ar garin. Tarin fuka ya kashe shi a watan Satumba na 1638 yana ɗan shekara 30, bai bar ɗa ba. Ya yi wasiyyar rabin dukiyarsa, kimanin fam 780, da littattafai kusan 400 ga ƙaramar kwalejin da aka kafa a 1636, aka sa mata sunansa a 1639.

A maƙabartar titin Phipps da ke Charlestown na tarar da doguwar hasumiyar dutse da tsofaffin ɗaliban jami'ar suka kafa masa a 1828, babu kowa a wurin. Cunkoson yana can harabar jami'ar, inda 'yan yawon buɗe ido ke layi suna shafa takalmin mutum-mutuminsa har tagullar ta yi ƙyalli. Fuskar ba tasa ba ce, domin ba a san kamanninsa ba, wani matashi ne ya zauna aka sassaƙa shi a 1884. Littattafan nasa kuwa gobarar 1764 ta cinye su, guda ɗaya tak aka san ya tsira.