Renon sikas a ƙasar sanyi da yadda ake ba shi taki

Wanda ya ga tsiron sikas cikin tukunya zai ɗauka ƙaramin dabino ne, alhali ba su haɗa dangi ba, ko da yake shi ma akwai namiji akwai mace. Danginsa sun wanzu a doron ƙasa tun fiye da shekara miliyan 250, kuma har a Afirka ta Yamma akwai wani iri da ake kira Encephalartos barteri, wanda ke fitowa a dazukan Najeriya da Benin da Ghana.

Masu lambu a ƙasashen sanyi irin Faransa sun fi neman iri uku. Cycas revoluta na kudancin Japan yana jure sanyin da ya kai kusan digiri 10 ƙasa da sifiri, muddin bai daɗe ba. Cycas panzhihuaensis na kudu maso yammacin Sin ya fi shi juriya. Sai Dioon edule na Meksiko. To amma ba sanyin kaɗai ke kashe su ba. Idan ƙasa ta riƙe ruwa a lokacin hunturu, saiwa takan ruɓe kafin mai lambu ya ankara, shi ya sa ake dasa shi a kan tudu, cikin ƙasar da aka gauraya da rairayi da tsakuwa, a jikin bango mai fuskantar kudu, a kuma rufe masa kai da busasshen ganye idan ƙanƙara ta sauka.

A ganina wajen taki ne mutane suka fi yin ganganci. Sikas yakan fitar da sabon ganye a tashi ɗaya, galibi sau ɗaya a shekara, kuma wannan tofon ne ya kamata a ciyar. Ana zuba takin zamani mai narkewa a hankali da zarar ɗumi ya fara shigowa, a ƙara kaɗan a tsakiyar lokacin zafi, sannan a tsaya, domin ganyen da aka tilasta wa fitowa gab da hunturu ɗanye ne, sanyin farko zai ƙone shi. Bugu da ƙari, yana da wasu saiwoyi da ke tasowa kusa da fuskar ƙasa, waɗanda ƙananan halittu ke zaune a cikinsu suna jawo masa sinadarin naitirojin daga iska, saboda haka wanda ya yi ta ɗura masa ure, wato takin naitirojin, kamar masara ya ɓata kuɗinsa. Abin da ya fi rasawa shi ne sinadarin manganiz: idan sabon ganye ya fito rawaya, ya nannaɗe, ya bushe, to a nemi gishirin manganiz a zuba a gindinsa. Ganyen da ya riga ya lalace ba ya warkewa, sai a jira tofo na gaba.

Mu a nan Damagaram ba mu san ƙanƙarar hunturu ba, matsalarmu zafin Afrilu da Mayu ne, wanda ke wuce digiri 40. Saboda haka inuwar la'asar ta fi masa bangon kudu amfani, kuma a kula kada tukunya ta riƙe ruwa a watan Agusta. Ƙasa mai kanwa tana hana saiwa shan manganiz, don haka wanda garkarsa ke da irinta ya sa ido a kan sabon ganye. Takin awaki da ya ruɓe sosai ya wadatar a shekarun farko.

Awakin kansu kuwa a nisanta su da shi. Ganyensa da ƴaƴansa duk suna ɗauke da guba mai lalata hanta, ƴaƴan sun fi haɗari, kuma bai dace a ajiye tukunyarsa a tsakar gidan da yara da dabbobi ke yawo ba.