Rijiyar ƙanƙara a kan dutsen Mariola

Ƙanina yana zaune da iyalinsa a Alcoy, wani gari na masaƙu a lardin Alicante na ƙasar Sifaniya. Da muka je sunan ɗansa, ni da uwargida, washegarin walima ya ce mu sa takalman tafiya, zai kai mu wani wuri. Muka ɗauki yaransa biyu manya, muka bar mai jego da jinjiri a gida.

Daga ƙauyen Agres aka fara hawa dutsen Mariola. Hanya ce ta ƙafa, tana nannaɗe dutse tana bi ta cikin itatuwa masu ƙamshi, yara a gaba suna tsere, mu a baya muna haki. Uwargida ta tsaya hutawa a kan wani falalen dutse, ta ce da ƙanina, "Kai dai Allah Ya shirye ka, haka ake karrama baƙo?" Ya ce, "Yi haƙuri Yaya, saura kaɗan." Ba kaɗan ba ne, amma mun isa.

Wurin sunansa Cava Gran, a tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku. Rijiya ce ƙatuwa da aka gina da dutse, faɗinta ya kusa mita 15, zurfinta ya haura mita 10. Rufin ya tafi tuntuni, sai ƙafafun baka guda shida da suka tashi daga gefe suka haɗe a tsakiya, kamar ɗaurin gugan tsohon soro. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Babu siminti, babu rodi, ga shi ƙarnuka sun shuɗe suna nan.

Ba ruwa ake ɗiba a cikinta ba. Idan hunturu ya yi, dusar ƙanƙara ta rufe dutsen, sai a tara leburori daga ƙauyuka su yi ta kwasa da kwanduna suna zubawa. Wasu kuma suna can ƙasa, suna tattakawa, suna daɓe ta har ta dunƙule ta yi tauri. In ta yi kauri a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a sake zubawa, hawa-hawa har ta cika, sannan a toshe ƙofofi. Zurfin ramin da kaurin bango su ke tsare ta, ruwan da ya narke kuwa yana da hanyar fita ta ƙasa don kada ya cinye saura. Idan zafi ya zo sai a buɗe, a sassara ta gunduwa-gunduwa, a naɗe da ciyawa da bargo, a ɗora wa alfadarai. Da dare ake saukowa da ita, domin duk abin da rana ta taɓa asara ce. Ana kai ta garuruwa don masu zazzaɓi, da adana abinci, da sanyaya abin sha. Sana'ar ta mutu ne bayan da aka fara yin ƙanƙara da inji a ƙarshen ƙarni na 19.

Mutanen da ke ƙasan ramin su suka tsaya mini a rai. Talaka ne, ya tsaya a kan ƙanƙara da takalmin igiya, yana takawa har ƙafa ta mutu, don wani da bai sani ba ya sha sanyi bayan wata biyar. Ɗiyar ƙanina ta tambaye ni, "Baba, su ma suna sha?" Na ce ina fatan haka. Sarakunan Mamluk na Misra ma daga duwatsun Sham ake kawo musu ƙanƙara har Alƙahira, a kan raƙuma da jiragen ruwa, kuma a can ɗin ma wani ne ya kwana yana jan akala.

Na dawo Sakkwato ana tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, iska ta zama tiriri, katifa ta gagara kwanciya. Na nuna wa Inna hotunan. Ta kawo wayar kusa da ido ta ce, "Wanga aiki duk don ruwan sanyi? Ba su da randa?" Na yi mata bayani cewa randa suna da irin tasu, tulun ƙasa da ke tsatsafo ruwa iska ta sanyaya shi, amma mai zazzaɓi mai zafi yana buƙatar abin da ya fi haka. Ta gyaɗa kai, don ta yi jinyar 'ya'ya a watan Afrilu, ta san abin da ake nufi.

Tun daga nan na canza yadda nake kallon mai ƙanƙarar unguwarmu. Yaro ne matashi, yana ɗauko ta a baro daga wurin masu injin, ya lulluɓe da buhu da garin katako, ya rakuɓe a inuwar dogon yaro. Lissafinsa ɗaya da na masu alfadarai: kowace sa'a jarinsa na ɗiga ƙasa. Da azumi, in wuta ta ɗauke tun safe, bayan la'asar layi ake yi a gabansa da kuloli, kowa na son abin jefawa a zoɓo da kunun zaƙi, ana yi masa tsawa wai ya tsawwala kuɗi. Ni na daina taya shi. Abin da ya faɗa nake biya, in kuma da mara lafiya a gidan maƙwabta, nakan ce ya ware musu gunduwa ɗaya tun kafin layi ya taru.